Rage ƙiba da dawowarta

Rage ƙiba ta hanyar takura ciki shi ne mutum ya taƙaita abin da yake ci na wani lokaci domin jikinsa ya ƙone kitsen da ya tara. Da farko dabarar tana yi wa kusan kowa aiki. Wajen ɗorewa ne take gazawa: nauyi yakan yi ta sauka har wajen wata 6, sai ya tsaya cak, daga baya ya soma hawowa a hankali. A 2007 Traci Mann da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun tattara binciken da aka yi na dogon zango, suka gano cewa kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku na masu takura ciki sun mayar da fiye da abin da suka zubar.

Likitoci suna auna ƙiba ne da raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita, a sake raba sakamakon da tsayin. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana wannan mataki na biyu.

Yadda jiki yake kare kitsensa

An saba ɗora wa mai ƙiba laifi, a ce kwaɗayi ne ko rashin haƙuri. Wannan hukunci bai yi masa adalci ba. Jiki bai san bambancin rage teɓa da lokacin fari ba. Abinci na raguwa, sai ya ɗauka yunwa ce ta shigo gari, ya shiga tsimi.

An ga haka tun 1944 zuwa 1945, lokacin da Ancel Keys ya gwada maza 36 a Jami'ar Minesota. An rage musu abinci da kusan rabi na mako 24, suka zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Sanyi ya riƙa kama su, zuciya ta rage bugu, fushi ya yawaita, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su, ci suka yi ba ƙaƙƙautawa, har kitsen wasu ya zarce na da.

Daga baya aka gano sinadaran jiki masu kai saƙon. Leftin, wanda ɗakin binciken Jeffrey Friedman ya gano a Niyok a 1994, daga kitse yake fitowa, yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, daga tumbi yake fitowa yana tayar da yunwa. Idan mutum ya rame, na farko ya faɗi, na biyu ya tashi. Wani bincike na birnin Melbon a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan an gama takura cikin, sinadaran ba su koma yadda suke ba. Wato wanda ya rage kilo 10 yana fama da yunwar da maƙwabcinsa mai irin nauyinsa bai san da ita ba.

Ƙone abinci ma raguwa yake yi. A 2016 mai bincike Kevin Hall ya sake auna mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a talabijin a Amurka. Bayan shekara 6, 13 daga cikinsu nauyi ya sake hawa, kuma jikinsu yana ƙone wajen kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) ƙasa da abin da ya kamata a kowace rana. Gado ma yana da hannu: binciken tagwaye ya danganta kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin ƙiba tsakanin mutane da abin da suka gada.

A Legas

Bahaushen Legas yana da nasa ƙarin cikas. Ɗan kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago yakan fita bayan asuba, ya wuni a zaune a rumfa, ya kwashe sa'o'i cikin gosulo, ya iso gida bayan isha'i. Abincinsa mai nauyi na dare ne, kuma sau da yawa a teburin mai shayi: taliyar leda biyu da ƙwai an soya da mai, rabin burodin Agege an shafe da bota, ga kofin shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku. Yana gamawa sai shimfiɗa. Barcin ma bai isa ba, ga zafi ga ƙarar janareta, alhali ƙarancin barci da kansa yana tayar da girelin.

Mai shi ne wanda ba a lissafawa. Giram ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 9 ne, na shinkafa ko tuwo kuwa, idan aka ɗauki sitacin ciki, 4 ne. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120. Matar da ta daina tuwo amma miyarta na iyo da mai ba ta rage komai ba. Haka lemon kwalba da zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari: suna shiga, ciki bai ƙirga su a matsayin abinci ba. 

Akwai kuma idon jama'a. Har yau ana yi wa teɓa kallon alamar samu, a ce wa mutum "ka yi kyau, ka murje". Wanda ya fara ramewa kuwa sai tambaya: "Alhaji, lafiya dai ko?" Wasu 'yan mata ma ƙwayoyin sha-ka-fashe suke nema kafin biki. Azumin Ramadan yakan rage wa mutane kilo ɗaya ko biyu, amma makonni kaɗan bayan Sallah sun dawo.

Shayi da allura

Yawancin shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp gudawa da fitsari yake sawa. Da yawa filasko ne a ciki. Abin da ke fita ruwa ne, kuma yana dawowa da an sha. Allurar semaglutide, mai sunan kasuwa Ozempic ko Wegovy, ita kam tana aiki: a babban gwajinta mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari a mako 68. Amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a shekara guda. Ga tsada, kuma ba a yin ta ba tare da likita ba.

Abin da ke ɗorewa

Irin tsarin abincin ba shi ne babban abu ba. A 2018 Jami'ar Stanford ta raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage mai, wasu suka rage sitaci. Bayan shekara babu wani bambancin kirki. Abin da ya fi tasiri shi ne tsarin da mutum zai iya zama da shi, da abincin gidansu da kuɗin aljihunsa. Wake, alale, kifi, ƙwai, kwaɗon zogale da na rama suna riƙe ciki. Abincin leda da na gwangwani kuwa yana sa a zarce: a gwajin Hall na 2019, mutane sun ci ƙarin wajen kalori 500 a rana idan irinsa aka ba su.

Rajistar da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka a 1994 tana bin waɗanda suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe shekara guda. Akasarinsu suna motsa jiki kusan sa'a ɗaya kullum, galibi tafiyar ƙafa, kuma suna hawa sikeli duk mako. Motsa jiki bai cika zubar da nauyi da yawa ba, amma wajen hana shi dawowa ya fi ƙarfi.

Ba sai an koma jikin samartaka ba kafin a amfana. A wani babban gwaji na Amurka da aka fitar a 2002, masu dab da kamuwa da ciwon sukari da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan da 'yan kai.