Yadda ƙwari ke tsare ruwa da gishirin jikinsu a lokacin ƙishirwa

Me ya sa bushewa ta fi yi wa ƙwaro barazana?

Jikinsa ƙarami ne, don haka ɗan ruwan da ke cikinsa yakan ƙafe da sauri. Babban haɗarin kuwa yana tattare da gishiri, domin idan ruwa ya ragu gishirin yana nan yadda yake, sai jinin ƙwaron ya cika gishiri, ya riƙa zuƙe ruwan ƙwayoyin jikinsa.

Tunda ba shi da ƙoda, da me yake tace jininsa?

Yana da wasu siraran bututu manne da hanjinsa, waɗanda ke ɗauke da sunan Marcello Malpighi, masanin Italiya da ya bayyana su a jikin tsutsar siliki a 1669. Bututun suna janyo sinadaran gishiri, wato fotasiyam da sodiyam, daga jini, ruwa ya bi su tare da datti, a zuba duka cikin hanji. Amma a ganina aikin da ya fi cancantar yabo a ƙarshen hanji yake, kusa da dubura, inda ake sake tsotse ruwan da gishirin da jiki ke buƙata. Farar hamada, wadda manoman Nijar suka san ɓarnarta, takan fitar da kashi busasshe ƙayau idan ta rasa ɗanyen ganye, kuma a 1992 aka gano a jikinta wani sinadarin saƙo da ke umartar hanji ya ƙara tsotsa.

Ina rarar gishirin ke zuwa?

Wani a fitar da shi, wani a ajiye. Kyankyaso yakan ɓoye sodiyam da fotasiyam cikin kitsen jikinsa, ya sake su idan ya sami ruwa.

Akwai wanda ke jure bushewa ƙurmus?

Akwai, kuma a Arewacin Najeriya yake: tsutsar wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro, Polypedilum vanderplanki, da ke rayuwa a kududdufan kan duwatsu. Idan rani ya ƙafar da su, tsutsar takan tara wani nau'in sukari da ke kare ƙwayoyin jikinta, ta bushe har ruwanta ya koma kusan kashi 3 cikin 100, sannan ta farfaɗo cikin kusan awa ɗaya da saukar ruwan damina.