Me ake nufi da mulkin totalitariyan?

Kalmar nan ana yawan jefa ta a muhawarar siyasa, mu kuma sai mu ce kama-karya kawai mu wuce, alhali kama-karya hawa-hawa ce. Akwai mai mulkin da burinsa ka kama bakinka ka bar masa kujerarsa, in ka yi shiru ba ruwansa da kai. Shi na totalitariyan shirunka ma bai ishe shi ba, so yake ka fito ka tafa masa, ɗanka ya shiga ƙungiyarsa, jaridar da za ka karanta tasa ce, har hirar da kake yi da matarka a ɗaki yana son sanin ta.

Asalin kalmar daga Italiya ne. Wani ɗan adawa, Giovanni Amendola, shi ya fara amfani da ita a 1923 yana sukar Musolini wanda ya hau mulki a 1922, sai Musolini ya karɓe ta yana alfahari da ita. Shi kuwa Amendola 'yan fasist, wato magoya bayan Musolini, suka lakaɗa masa duka, a 1926 ya rasu. A 1931 aka ce malaman jami'a sama da 1,200 su yi rantsuwar biyayya ga gwamnati, kusan 12 ne kacal suka ƙi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Disambar 1935, lokacin da Italiya ke yaƙar Habasha, mata suka yi layi suna zare zoben aurensu na zinare suna miƙa wa gwamnati ana ba su na ƙarfe, kaga abin ya kai har yatsan mace.

Toh me ya sa mutane suka yarda? Wahala ce da tsoro, yaƙin duniya na farko ya bar su a wujiga-wujiga, a Jamus marasa aikin yi sun kai miliyan 6 a 1932, ga mai cewa zai share musu hawaye. Hitila ya zama shugaban gwamnati 30 ga Janairun 1933, watan Yuli bai ƙare ba ya haramta duk jam'iyyu sai tasa ta Nazi.

Sitalin a Tarayyar Sobiyat aƙidarsa daban ce amma salon ɗaya ne, ya ƙwace gonakin manoma ya haɗe su ƙarƙashin hukuma, yunwar 1932 zuwa 1933 ta ci miliyoyin rayuka musamman a Yukiren, sannan tsakanin 1937 da 1938 aka harbe mutum kusan 680,000.