Rashin Jituwa da Ƙwai Ba Ya Hana Allurar Rigakafin Mura

An daɗe ana gaya wa mutanen da ƙwai ke tayar musu da borin jini cewa su guji allurar rigakafin mura, domin yawancin waɗannan allurai a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar cutar da ake haɗa su da ita. Sai dai furotin ɗin ƙwai da ke saura bayan an tace maganin ɗan kaɗan ne ƙwarai, har ya sa tun 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta ce masu wannan matsala, komai tsananinta, za su iya karɓar allurar ba tare da wani tanadi na musamman ba.

Ciwon hannu ko ɗan zazzaɓi bayan allura ba bori ba ne. Bori mai haɗari, wanda ke kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, yana samun kusan mutum ɗaya cikin miliyan, yawanci jim kaɗan bayan allurar, kuma allurar gaggawa ta adiranalin ke magance shi. Wanda allurar mura ta taɓa yi wa haka, lallai ya sanar da likita tukuna.