Ƙafa ta yi sanyi ba gaira ba dalili: shin babbar cutar jijiya ce?

A tsakanin Hausawa mazauna Makka da Jidda ana yawan jin wannan koke, musamman daga iyaye mata: ƙafa ba ƙarfi, tashi daga zaune sai da dafa bango. Kafin a kai ga likita, yaran gida sun bincika intanet sun ci karo da sunan ALS, wata babbar cuta mai lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka, hankalin kowa ya tashi.

Yaya zan gane rauni ne na gaske, ba gajiya ba?

Wanda ya yi ɗawafi, ya ɗora da sa'ayi zuwa bakwai tsakanin Safa da Marwa, tafiyar da ta kai wajen kilomita 3, dole ƙafa ta yi masa nauyi. Wannan gajiya ce, hutu ke maganinta. Raunin da likita ke nufi shi ne ƙafa ta ƙi yin abin da aka sa ta. Takalmi ya riƙa suɓucewa, yatsu na jan ƙasa, ko mutum ya kasa miƙewa daga sujada. Gwada tafiya a kan diddige, sannan a kan yatsu, ka lura ko wata ƙafar ta gaza.

Me ya fi kawo shi?

Galibi abubuwan da gwajin jini ke nunawa. A Saudiyya ƙarancin bitamin D ya yi yawa, abin mamaki a ƙasar rana, amma zafi kan sa mutum ya wuni a ɗaki ƙarƙashin na'urar sanyi. Idan ya yi tsanani ƙashi na ciwo, cinyoyi su yi laushi, hawa bene ya zama aiki. Sai ciwon suga da ya daɗe, wanda ke cin jijiyoyin tafin ƙafa, a ji zafi-zafi ko kamar ana tsira allura. Maganin sugan ma, metformin, idan an shekara da shekaru ana sha yakan rage bitamin B12, shi kuma ƙarancinsa na kawo sagewa da tangaɗi. Akwai raguwar sinadarin fotashiyam bayan gudawa ko shan maganin sa fitsari, akwai matsalar maƙoƙo, akwai gurunguntsin baya da ya zame ya danne jijiya. Masu son ɗanyen nonon raƙumi su faɗa wa likita, don cutar burusela da ake ɗauka daga gare shi takan kama ƙashin baya.

To ALS ɗin fa? Naman ƙafata yana rawa.

Rawar nama ita kaɗai ba ta nuna komai. Rashin barci, yawan gahawa da fargaba duk suna kawo ta. ALS ba ta da yawa, kusan mutum 2 cikin 100,000 ke kamuwa a shekara. Takan fara daga wuri ɗaya, nama ya riƙa zabgewa, rauni na ƙaruwa wata bayan wata ba ja da baya, kuma ba ta cika zuwa da sagewa ba. Raunin da yau ya zo gobe ya tafi bai yi kama da ita ba.

Yaushe ne ba a jira?

Idan ɓari ɗaya ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Idan ciwon baya ya haɗu da riƙewar fitsari ko zubarsa ba sani, da sagewar matse-matsi. Ko kuma rauni ya faro daga tafin ƙafa yana hawa sama cikin 'yan kwanaki bayan gudawa ko mura, domin irin wannan na iya kaiwa ga numfashi. A kira motar asibiti a 997, lambarta a Saudiyya. Ba na hana kowa ruƙiya, amma a yi ta a hanyar asibiti.

Wane gwaji za a yi mini?

Likita zai fara da guduma ta roba a gwiwa da gwada ƙarfin kowace tsoka, sai jini. Hoton MRI na baya ko na kai, da gwajin jijiya da ake yi da siririyar allura da ɗan lantarki, sai in an ga dalili. Ka je da duk magungunan da kake sha, har na rage kitsen jini, don shi ma yakan sa tsoka ciwo.