Bayanin Bangaskiya: dokar da ke ɗaure ikkilisiya mai ra'ayin riƙau

Kusan kowace ikkilisiyar Furotesta mai ra'ayin riƙau tana da takardar da take kira Bayanin Bangaskiya, galibi a shafukan farko na kundin tsarin mulkinta. Masu ibada da yawa sun yi shekara da shekaru suna shiga suna fita ba su taɓa buɗe ta ba. Alhali da ita ake auna wanda za a naɗa fasto, da ita ake ɗaukar malamin makarantar tauhidi ko a sallame shi, kuma ranar da rigima ta tashi kan koyarwa ita dattawa ke ɗaukowa su ajiye a gabansu. Doka ce da ke hawa kan mutum, don haka ya dace duk wanda ke ƙarƙashinta ya san abin da ta ƙunsa.

Sashen farko kusan kullum a kan Littafi Mai Tsarki yake, kuma da gangan aka sa shi a gaba, domin sauran sassan duka a kansa suka jingina. Abin da yake faɗa shi ne littattafai 66, wato 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, hurarru ne daga wurin Allah, su ne kuma ke da hukunci na ƙarshe kan abin da za a gaskata da yadda za a rayu. Adadin nan kansa matsayi ne, tunda Katolika suna ƙirga 73. Masu ra'ayin riƙau sukan ƙara da cewa babu kuskure a cikin Nassi, kuma a nan ne suka raba gari da ikkilisiyoyi masu sassaucin ra'ayi. A ƙarni na 19 wasu malaman jami'a, musamman a Jamus, suka fara nazarin Littafi Mai Tsarki kamar kowane tsohon rubutu, har wasunsu suka ce mu'ujizai tatsuniya ce. Martanin da aka mayar ya bar alama har yau. A 1910 babban taron ikkilisiyar Presbiteriyan a Amurka ya fitar da abubuwa biyar da ya ce dole mai neman zama fasto ya yarda da su: rashin kuskuren Nassi, haihuwar Yesu daga budurwa, mutuwarsa a madadin masu zunubi, tashinsa daga matattu da jikinsa, da gaskiyar mu'ujizansa. Duba bayanin bangaskiyar irin waɗannan ikkilisiyoyi a yau, da wuya ka rasa biyar ɗin nan.

Akwai iyakar da mutane kan manta da ita. Sanarwar da malamai suka sa wa hannu a Shikago a 1978 ta fayyace cewa rashin kuskuren ya shafi rubutun asali ne, na Ibrananci da Aramaik da Helenanci. Fassara da kwafi suna da iko gwargwadon yadda suka bi asalin. Saboda haka wanda ya nuna cewa wata fassara ta karkace a wata aya bai taka dokar ba ko kaɗan.

Ita kanta takardar Bayanin Bangaskiya tana ƙarƙashin Nassi. Bayanin Westminster, wato bayanin bangaskiyar da Presbiteriyan ke bi, wanda aka kammala a Landan a 1646 da babi 33, ya faɗa da bakinsa cewa majalisun ikkilisiya suna iya yin kuskure, kuma da yawa sun yi. Wannan ya sa ake iya gyara shi ta hanyar da kundin ya tanada, kamar yadda Presbiteriyan na Amurka suka gyara sassan da suka shafi ikon gwamnati a kan ikkilisiya a 1788. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ɗaya ya gyara shi a zuciyarsa, ya ci gaba da hawa bagade kamar ba abin da ya faru.

Sassan da suka shafi Allah da Almasihu sun girmi kowace ɗarikar Furotesta. Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, daidai suke cikin allahntaka; wannan koyarwa ake kira Triniti. An tsayar da kalmomin ne a taron Nikiya a 325, lokacin da wani limami na Iskandariya mai suna Ariyus yake koyar da cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi wannan koyarwa, na Kustantiniya a 381 ya faɗaɗa bayani kan Ruhu Mai Tsarki, sai na Kalsidon a 451 ya ce Yesu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, ba tare da an cuɗa ko an raba ba. A nan babu sassauci ga kowa, babba ko ƙarami.

Batun ceto kuwa gadon gyaran ikkilisiya ne da Martin Luta ya tayar a 1517. Kowane ɗan Adam mai zunubi ne, ba ya iya fansar kansa. Almasihu ya ɗauki hukuncin a kan gicciye, mutum kuma yana samun ceto ta wurin alheri, ta hanyar bangaskiya, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta koyar. Kyawawan ayyuka suna biyo baya a matsayin 'ya'yan bangaskiya, ba su ne kuɗin sayen ceto ba. Daga nan sai dawowar Almasihu, tashin matattu, shari'a ta ƙarshe, da rai madawwami ko hukunci madawwami.

Bayan waɗannan kowace ɗarika ta kama hanyarta. Baftis ba sa yi wa jariri baftisma, sai wanda ya shaida bangaskiya da bakinsa, kuma nitsarwa suke yi. Lutaran da Presbiteriyan suna yi wa 'ya'yan masu bi. Kan Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Almasihu, ma ba su zama ɗaya ba, haka nan kan tsarin kwanakin ƙarshe. Duk da haka galibinsu suna ɗaukar juna a matsayin 'yan'uwa.

Tambayar da ta fi shafar mutane ita ce wa dokar ta ɗaure, kuma da wane irin ƙarfi. A ikkilisiyoyi da dama ɗaurin kashi biyu ne. Mai neman zama mamba ana tambayarsa kaɗan: ko ya yarda shi mai zunubi ne, ko ya dogara ga Almasihu kaɗai, ko zai yi biyayya ga shugabanci da horon ikkilisiya. Ba a neman ya haddace babi 33. Mai neman zama fasto ko dattijo kuwa lamarinsa dabam ne. Yana zaune shi kaɗai a gaban majalisar fastoci da dattawa, takardar tana hannun kowannensu, suna bi sashe sashe. Wani zai ɗaga kai ya tambaye shi ko akwai wurin da ya saɓa da ita. Idan ya ce, misali, yana ganin babin ranar Ubangiji, wato Lahadi, ya tsananta wajen hana wasanni da shaƙatawa, sai a sa shi ya rubuta saɓanin nasa, majalisa ta tattauna, ta jefa ƙuri'a kan ko ya taɓa tushen koyarwa ko bai taɓa ba. Presbiteriyan na Amurka sun buɗe wannan ƙofa tun 1729. Wasu Lutaran masu ra'ayin riƙau ba su da ita: fastonsu yana amincewa da littafin shaidarsu na 1580 ɗungurungum, bisa cewa ya yi daidai da Nassi. A ganina bambanta mamba da shugaba adalci ne, domin wanda zai koyar da jama'a ya kamata a fi tsananta masa bincike, kamar yadda Yaƙub 3:1 ta gargaɗa.

A zamanin nan sassan aure da shugabanci ne suka fi jawo ƙura. Irin waɗannan ikkilisiyoyi suna rubuta cewa aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya ne, suna kafa hujja da Matiyu 19:4-6. Da yawa kuma sun keɓe muƙamin fasto ga maza, bisa fahimtarsu ta 1 Timoti sura 2 da 3, ko da yake akwai masu ra'ayin riƙau da ke naɗa mata. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar Baftis ta Kudancin Amurka ta sa sharaɗin keɓe muƙamin ga maza a bayaninta na 2000, kuma ta nuna da gaske take: a taronta na New Orleans a watan Yunin 2023 wakilai suka tabbatar da cire Saddleback, ɗaya daga cikin manyan ikkilisiyoyinta, wadda Rick Warren ya kafa, saboda ta naɗa mata fastoci. Girman ikkilisiyar da sunan wanda ya kafa ta ba su hana dokar aiki ba.

Idan mamba ya kauce, hanyar da ake bi daga Matiyu 18:15-17 take. Da farko mutum ɗaya ya same shi a keɓe. In bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a kai gaban ikkilisiya. Horon yakan fara da gargaɗi, ya kai ga dakatarwa daga Jibin Ubangiji ko daga muƙami, cirewa daga mamba ita ce ta ƙarshe. Manufarsa maidowa ce, shi ya sa Galatiyawa 6:1 ta ce a yi shi da tawali'u, 2 Korintiyawa sura 2 kuma ta ce a karɓi wanda ya tuba kada baƙin ciki ya cinye shi. Ƙara a kan dattijo ba a karɓarta sai da shaidu biyu ko uku.

A nan nake ganin babban amfanin rubutacciyar doka, kuma abin yana damuna idan aka yi wasa da shi. Takardar tana kare mamba daga shugaba kamar yadda take kare ikkilisiya daga baƙuwar koyarwa. Faston da ya sa mutum ƙarƙashin horo don ya yi masa tambaya kan kuɗin baikon ikkilisiya, ko don ya ƙi bin ɗan takarar da yake so, ya wuce gona da iri, kuma mamba yana da 'yancin ya ce a nuna masa sashen da ya karya. Haka nan idan aka ɗauki al'adar sutura ko salon waƙa aka ɗora su daidai da Triniti, an rage wa Triniti daraja ke nan, kuma an ɗora wa mutane kayan da Nassi bai ɗora musu ba.

Kotunan gwamnati fa? Wannan ya danganta da ƙasa. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 a shari'ar Hosanna-Tabor, wata ikkilisiyar Lutaran mai makaranta a jihar Michigan. Wata malama da ikkilisiyar ta ba matsayin mai hidima ta yi jinya, aka samu saɓani kan komawarta aiki, ta ce za ta kai ƙara, sai aka sallame ta bisa cewa ta saɓa wa koyarwarsu ta sasanta rigima a cikin gida. Alƙalai tara duka suka ce gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa ikkilisiya riƙe mai hidimar da ba ta so. Kotun ta taƙaita hukuncin ga ƙarar nuna bambanci a wurin aiki, ba ta ce komai ba kan sauran ƙararraki irin na karya yarjejeniya. Laifuffuka kamar wawure dukiyar ikkilisiya ko cin zarafin yara kuwa suna nan a hannun 'yan sanda da kotu, ko da dattawa sun riga sun yi nasu horon.