Waiwaye: ƙafar jirgi da jinin alhazai, daga Kano zuwa Jidda

Duk lokacin aikin Hajji, idan maniyyatan Maraɗi suka kama hanyar Yamai, addu'ar 'yan rakiya ɗaya ce: Allah ya sauke ku lafiya. Ba banza ake ambaton saukar ba. Manyan haɗurra biyu da suka girgiza ƙasar Hausa a tarihin jigilar alhazai, duka daga ƙafar jirgi suka taso.

Ranar 22 ga Janairun 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Jodan da Nigeria Airways ya yi haya ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi ya ɓaci, aka karkatar da shi Kano, inda hazo ya rufe gari. Yana taɓa ƙasa ƙafar gaba ta karye, ta dama ma ta bi ta, tankin mai ya fashe, wuta ta tashi. Cikin mutum 202, 176 suka rasu.

Na 11 ga Yulin 1991 ya fi ciwo, don an ga matsalar tun kafin a tashi. Jirgin DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, zai kai alhazai Sakkwato, nan kusa da mu. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Bakanike ya nemi a ƙara musu, amma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a jinkirta ba. Da jirgin ya zabura a titin Jidda mai zafi, tayoyin suka fashe suka kama da wuta. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun cikin jirgin, wato suka shigar da gobarar ciki da hannunsu. Sun juyo za su sauka, jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Mutum 261, ba wanda ya tsira. Kowane direban Maraɗi zuwa Jibiya ya san abin da kwalta mai zafi ke yi wa taya mara iska, balle taya mai ɗauke da jirgi cike da mai.

To amma ƙafar ta ƙi fitowa ba shi ne ajali ba. A 2011 wani Boeing 767 na kamfanin LOT ya sauka a Waso, babban birnin Folan, bisa cikinsa, bayan man da ke tura ƙafafun ya tsiyaye. 'Yan kwana-kwana sun riga sun shimfiɗa kumfa a titi, mutum 231 suka fito sumul. A 2005 ma wani jirgin kamfanin JetBlue ya sauka a Los Anjeles da tayar gaba a karkace, bayan ya yi ta shawagi don ya rage mai, ba wanda ya ji rauni.

A waɗannan biyun matuƙi ya san matsalar yana sama, motocin kashe gobara kuma suna jiransa a ƙasa. A Jidda, an san matsalar jirgin yana ƙasa, aka bar shi ya tashi.