Yaƙin Biyetnam: shigar Amurka da ficewarta

Yaƙin Biyetnam shi ne yaƙin da aka gwabza tsakanin Biyetnam ta Arewa mai bin tsarin kwaminisanci da Biyetnam ta Kudu wadda Amurka ta tsaya wa, daga wajajen 1955 har zuwa 30 ga Afrilu 1975. Su mutanen ƙasar yaƙin Amurka suke ce masa, kuma sunan ma kaɗai ya isa ya nuna yadda kowane ɓangare ya ɗauki abin. Amurka tana ganin ta je tare yaɗuwar kwaminisanci ne a zamanin yaƙin cacar baka, su kuwa 'yan Arewa da magoya bayansu na Kudu gani suke korar baƙi ce kawai ake ci gaba da yi, an kori Bafaranshe ga Ba'amurke ya zo ya maye gurbinsa.

Asalin rikicin

Faransa ce ta yi wa Biyetnam da Laos da Kambodiya mulkin mallaka. A ranar 2 ga Satumba 1945 jagoran 'yan kwaminisanci Ho Chi Minh ya shelanta 'yancin kai a Hanoi, Faransa ta ce ba ta san zancen ba, aka shiga yaƙi na kusan shekara takwas. Cikin sojojin da Faransa ta kwasa ta kai can har da 'yan Afirka ta Yamma, Seyni Kountché wanda daga baya ya mulki Nijar shi ma ya yi aikin soja a wannan yanki. Zuwa ƙarshe Amurka ce ke biyan mafi yawan kuɗin yaƙin, amma duk da haka a 7 ga Mayu 1954 sansanin Faransa na Dien Bien Phu ya faɗa hannun Janar Vo Nguyen Giap, kwamandan mayaƙan Ho Chi Minh. Yarjejeniyar Geneva ta raba ƙasar biyu na wucin gadi, da sharaɗin za a yi zaɓen haɗewa a 1956. Zaɓen da ba a yi ba kenan, don Ngo Dinh Diem na Kudu ya ƙi, Amurka kuma ta mara masa baya saboda kowa ya san Ho Chi Minh ne zai lashe.

Hujjar Amurka ita ce wadda Shugaba Eisenhower ya bayyana a 1954, wai ƙasashen yankin kamar tubala ne da aka jera a tsaye, ka ture ɗaya sauran su bi. To amma mutumin da suka dogara da shi, wato Diem, shi kansa matsala ne. Ɗan Katolika ne a ƙasar da mabiya Buddha suka fi yawa, ya cika gwamnati da danginsa, ga kame da ɗauri, har a watan Yuni 1963 wani malamin Buddha mai suna Thich Quang Duc ya cinna wa kansa wuta a tsakiyar titin Saigon, babban birnin Kudu. A watan Nuwamba na shekarar sojojinsa suka kifar da shi suka kashe shi, da sanin Amurka aka yi juyin mulkin, makonni uku bayan nan aka harbe shugaban Amurka Kennedy. A lokacin akwai sojan Amurka kusan 16,000 a ƙasar da sunan masu ba da shawara.

Shiga gadan-gadan

A 2 ga Agusta 1964 jiragen ruwan Arewa suka yi arangama da jirgin yaƙin Amurka mai suna Maddox a mashigin Tonkin. Bayan kwana biyu aka ce an sake kai hari, wanda daga baya bincike ya nuna wannan na biyun bai faru ba sam, amma da shi Shugaba Lyndon Johnson ya samu majalisa ta sakar masa mara, sanatoci biyu kacal suka ƙi. A Maris 1965 aka fara ruwan bama-bamai kan Arewa, sojoji 3,500 suka sauka a Da Nang, kafin a ankara adadin ya haura 500,000 a 1968. Koriya ta Kudu da Ostireliya su ma sun aika nasu.

Matsalar ita ce babu fagen daga da za a ce an ci an wuce. 'Yan Viet Cong, wato mayaƙan kwaminisanci na Kudu da Arewa ke mara wa baya, yaƙin sari-ka-noƙe suke yi, da rana manomi da dare mayaƙi, suna da ramuka a ƙarƙashin ƙasa irin na Cu Chi, makamai na zuwa musu daga Sobiyat da China su gangaro Kudu ta hanyar da ake kira hanyar Ho Chi Minh wadda ta ratsa dazukan Laos da Kambodiya. Da kwamandan sojan Amurka Janar Westmoreland ya rasa ma'aunin nasara sai aka koma ƙirgen gawa, kullum a sanar da adadin maƙiyan da aka kashe, kuma in dai da gawa ake auna kwamanda ai ba sai an faɗa maka abin da zai samu ɗan ƙauye ba. An yi amfani da bam mai ƙona fata da ake kira napalm, an yi feshin gubar Agent Orange don kashe dazuka, gubar da har yau ake danganta ta da cututtuka da haihuwar yara masu nakasa. A ƙauyen My Lai ranar 16 ga Maris 1968 sojan Amurka sun kashe ɗaruruwan fararen hula, mata da yara da tsofaffi, mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftanar William Calley.

Harin Tet da rikicin cikin gida

A ƙarshen Janairu 1968 lokacin bikin sabuwar shekararsu da ake kira Tet, 'yan Arewa da Viet Cong suka auka wa birane da garuruwa sama da ɗari kusan lokaci guda, har cikin harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon, a birnin Hue kuwa kusan wata guda ana fafatawa. In ta lissafin soja ne su suka kwashi kashinsu a hannu, sun yi asarar mayaƙa ba kaɗan ba, amma Amurkawan da aka daɗe ana gaya wa nasara ta kusa sai ga abin da suke gani a talabijin. Ranar 31 ga Maris Johnson ya ce ba zai sake tsayawa takara ba.

Dama gida ya riga ya ɗau zafi saboda ɗaukar samari soja na dole, wanda 'ya'yan talakawa suka fi shan wahalarsa tunda ɗan jami'a yana iya samun ɗagin ƙafa. Muhammad Ali ya ƙi shiga a Afrilu 1967, aka ƙwace masa kambunsa aka hana shi dambe fiye da shekara uku, a 1971 kuma kotun ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke masa na ƙin shiga soja. Martin Luther King shi ma ya fito fili ya soki yaƙin. A 4 ga Mayu 1970 dakarun tsaro suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State wurin zanga-zanga.

Ficewa

Nixon ya hau mulki a 1969 da dabarar miƙa yaƙin ga sojojin Kudu yana janye nasa sannu a hankali, sai dai yana janyewa yana faɗaɗa ruwan bam zuwa Kambodiya. Henry Kissinger na Amurka da Le Duc Tho na Arewa suka yi ta tattaunawa a asirce, a Disamba 1972 aka yi wa Hanoi luguden wuta na fiye da kwana goma, sannan a 27 ga Janairu 1973 aka sa hannu a yarjejeniyar Paris. Yarjejeniyar ta bar sojojin Arewa zaune a inda suke cikin Kudu, wanda duk mai hankali ya san inda za a ƙare. Sojojin yaƙi na ƙarshe sun fita 29 ga Maris 1973. An ba Kissinger da Le Duc Tho kyautar Nobel ta zaman lafiya, Le Duc Tho ya ƙi karɓa ya ce ai ba a samu zaman lafiyar ba.

Nixon ya yi murabus a Agusta 1974 kan badaƙalar Watergate, majalisa ta rage tallafin da ake ba Kudu, a farkon 1975 Arewa ta danno sojojin Kudu suka watse cikin makonni. A 29 da 30 ga Afrilu jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum kusan 7,000 daga Saigon, aka bar dubbai da suka yi wa Amurka aiki a bakin ƙofa. Aka haɗe ƙasar a 1976, Saigon ta koma birnin Ho Chi Minh, shi mai sunan tun 1969 ya mutu.

Asara da abin da ya biyo baya

Amurka ta rasa sojoji fiye da 58,000. Gwamnatin Biyetnam a 1995 ta ce fararen hula kusan miliyan 2 suka mutu da mayaƙanta miliyan 1.1, ban da sojojin Kudu. Laos kaɗai an zuba mata bam sama da tan miliyan 2, waɗanda ba su fashe ba har yanzu suna kashe manoma. Waɗanda suka ci yaƙin su ma sun tura dubban ɗaruruwan mutanen Kudu sansanonin horo, wasu ɗaruruwan dubbai suka tsere ta teku a ƙananan jirage da yawa suka halaka a hanya. Batun tubalan nan kuwa, Laos da Kambodiya sun faɗa a 1975 amma Tailan da Malesiya da Indonesiya ba su bi ba, kuma 'yan kwaminisancin ma junansu suka koma yaƙa, Biyetnam ta mamaye Kambodiya a ƙarshen 1978 ta kori 'yan kwaminisancin Khmer Rouge da ke mulkin can, China ta kai wa Biyetnam hari a Fabrairu 1979. Amurka da Biyetnam sun maido da huldar jakadanci a Yuli 1995 zamanin Bill Clinton, yanzu haka Amurka ce kasuwa mafi girma da Biyetnam ke kai kayanta, su tufafi da takalma da wayoyi.